Wiskin da Aka Ce Na Sace

Arewacin Tsibiri, 2 ga Afrilu

Noelene,

Bayan gaisuwa, da fatan ƙafarki ta yi sauƙi. Direban motar wasiƙa ya ce da sanda kike tafiya yanzu. Ni ina lafiya, tunda kin tambaya.

Wasiƙarki ta zo ranar Talata tare da kwalin nan mai ƙananan kwalaben wiski uku. Sau biyu na karanta, a hankali, don kin san a aji uku na tsaya, Baba ya cire ni ya sa a jirgin kamun kifi, ke aka bari kika yi karatun. Abin da na gane shi ne Kulob ɗin Masunta zai cika shekara ɗari a watan gobe, 'yarki Marnie ce ke riƙe da kantar mashaya yanzu, kuma kwamiti yana so a sha Tsohon Yayi a wajen walimar, irin haɗin da nake yi. An nemi wanda ya iya an rasa. Shi ne aka tuna akwai wani tsoho a arewa da bai mutu ba.

To bari in tuna miki, ko kin manta. Shekara sha tara na yi a bayan kantar nan. Ranar walimar tseren jiragen ruwa na haɗa tambulan tamanin da wiski mai kyau da kulob ya sayo. Aka ɗaga, aka kurɓa, sai na ga fuskoki suna yamutsewa. Ƙarni, Noelene, kamar an wanke kwandon kifi a ciki. Mijinki Lindsay, lokacin yana shugaba, ya miƙe gaban mutum tamanin ya ce Alwyn Strugnell ya kwashe wiskin kulob ya kai gida, ya zuba musu na banza. Kina zaune a gefensa da shuɗiyar riga. Kika sunkuyar da kai kina duba farantinki kamar an rubuta miki wani abu a ciki.

Shekara ashirin da huɗu ke nan. Har yau in na shiga gari sayen man fitila akwai tsofaffin da ke matsar da jakarsu gefe. Ban san abin da ya shiga tambulan nan ba. Na zargi lemon, na zargi sabulun wanke-wanke, na zargi hancina. Amma ban ɗauki ko ɗigo ba, kuma ba zan ba kulob ɗin da ke kirana ɓarawo sirrin hannuna ba. Ki gaya musu haka, da sunana.

Kwalaben ban taɓa su ba. Ta tsakiyar kawai na buɗe na shinshina, mai warin hayaƙin nan. Ki ce wa Marnie kada ta kuskura ta sa wannan a Tsohon Yayi. Wannan wiskin zama ne shi kaɗai, kamar ni. In aka haɗa shi da sukari da lemo faɗa za su yi a baki. Ba shawara na bayar ba, gargaɗi ne.

Ki huta lafiya.

Yayanki,
Alwyn

*

Port Aldous, 6 ga Afrilu

Zuwa ga Yayana Alwyn,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na ji daɗin ganin rubutun hannunka, ko da faɗa ne a ciki. Ƙafa da sauƙi, sandar ma rabinta don in riƙa korar karen maƙwabta ne.

Ban manta ranar nan ba, Yaya, kuma rigar koriya ce. Na sunkuyar da kai don ban san wanda zan duba ba, mijina ko ɗan'uwana. Na yi shekaru ina jin kunyar haka. Na zo ƙofarka sau uku a shekarar farko, kana ciki ina jin tarinka, ka ƙi buɗewa. Daga baya ka tsinke wayar gidanka. Wannan ma a sa shi a cikin labarin in za a ba da shi.

Ba na cewa Lindsay ya yi daidai. Bakinsa ya fi hankalinsa sauri tun yana saurayi. Amma ka sani ya sha wahala a kan walimar nan fiye da yadda kake zato, shi ya sa ransa ya ɓaci haka. Shi ya yi fentin zauren. Da injin ƙanƙarar kulob ya lalace ana saura kwana uku, bai gaya wa kowa ba don kada a ce shugaba bai iya shiri ba. Shi da kansa ya daskarar da ruwa a bokitai a rumfarsa ta bakin teku, ya farfasa da guduma, ya kawo da sassafe ya zuba a akwatin injin, don ka zo ka tarar da komai a shirye. Mutumin da ya yi wannan ba da niyyar wulaƙanta ka ya zo ba.

Yanzu shekararsa tamanin da ɗaya, zuciyarsa tana ba shi wahala. Kai ma ba yaro ba ne. Marnie ta yi dariya da ta ji gargaɗinka, ta ce, "Kawu dai bai canza ba, yana ƙi yana koyarwa." Ta ce in tambaye ka sauran kwalabe biyun, da kuma ko za ta iya sa zuma maimakon sukari, tunda haka ake yayi yanzu a birnin Hobart.

Ka kula da kanka da sanyin nan da ke shigowa.

Ƙanwarka,
Noelene Corbould

*

Arewacin Tsibiri, 9 ga Afrilu

Noelene,

Gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta, ni ma sai da na zauna.

Wace rumfa? A wace firiza ya daskarar da ruwan? Don a sanina firiza ɗaya ce a rumfar Lindsay, doguwar nan mai murfi a sama, wadda yake ajiye ruɓaɓɓen kifin da yake sa wa tarkon ƙaguwa. Kuma walimar a ƙarshen Afrilu aka yi, lokacin kamun tsuntsun maiƙo, na tekun nan mai ƙarni, lokacin da kowace firiza a tsibirin nan take cike da su. Kin san maiƙon nan, in ya taɓa riga sai dai a ƙone ta. Bokitan a rufe suke ko a buɗe? Ki amsa min wannan kawai.

Ƙanƙara tana shan wari kamar yadda tsumma yake shan ruwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan kanta ya san haka. Ni na ɗanɗana haɗina a babban jug kafin a zuba, lafiya lau yake. Ƙanƙarar na ɗebo daga akwatin injin kamar kullum, ban ko kalle ta ba, don wa zai zargi injin da ya yi masa shekara sha tara? Shekara ashirin da huɗu ina zargin lemo, Noelene. Akwai bishiyar lemo a bayan ɗakina da na daina yi wa magana.

Tunda raina ya ɗan yi fari, ga amsar Marnie. Na ɗanɗana sauran biyun, da safe, kafin in sha shayi, lokacin da harshe bai gaji ba. Ta farko ta masara ce, mai zaƙi, mai laushi. Ba laifi, amma in kika ƙara mata sukari sai ta zama alewar yara. Ta uku ita ce, ta hatsin rai ɗin nan, ɗan'uwan alkama. Tana da yaji a ƙarshe kamar barkono, tana da ƙashi, sukari ba zai kayar da ita ba. A sayo wannan.

Zuma kuma a'a. Zumarmu ta daji tana da ƙamshin fure mai ƙarfi, za ta hau kan wiskin ta zauna. Mutanen Hobart su sha abin da suka ga dama. Ƙwayar sukari ɗaya a gindin tambulan, ɗigo uku na ruwan ɗaci a kanta, ɗan ruwa rabin cokalin shayi, a murƙushe har sai ba a jin tsaki a ƙarƙashin cokali. Sannan wiski. Sannan ƙanƙara babban dunƙule ɗaya, ba tsakuwa ba. A juya da cokali, kada a girgiza, ba maganin tari ba ne. Ɓawon lemon zaƙi a yanko shi siriri, ban da farin cikin nan mai ɗaci, a matse shi a saman tambulan mai ya fesa. Ba soda, ba 'ya'yan itace suna iyo a ciki.

Kada ki ɗauka na yarda. Na faɗa ne don kada yarinyar ta ji kunya. Ki amsa min maganar firiza da motar Juma'a.

Na bar ki lafiya.

Alwyn

*

Port Aldous, 13 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ka. Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin akwatin wasiƙa.

Firizar ce. A buɗe bokitan suke, ni na ba shi su, na wanki ne. Na tuna har ya matsar da buhunan tsuntsaye gefe don su samu wuri. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba, Allah ya sani.

Na gaya wa Lindsay a wajen cin abinci. Ya ajiye cokali ya ce, "Ruwa ruwa ne. Yayanki ya shekara ashirin yana neman wanda zai ɗora wa, yanzu ya samu firiza." Ya tashi ya tafi kallon labarai. Amma bai ci kayan zaƙinsa ba, kuma Lindsay bai taɓa barin kayan zaƙi ba ko ranar da aka binne uwarsa.

Firizar tana nan, tana aiki, cike take da tsuntsayen bana. Kwamiti zai zauna ranar Asabar ta sama da ƙarfe biyu na rana don ɗanɗana haɗin Marnie, Lindsay ma yana ciki. Na san abin da za ka nema. Zan yi, amma ba zan je in kalla ba. Mijina ne.

Da fatan alheri,
Noelene

*

Arewacin Tsibiri, 16 ga Afrilu

Noelene,

Gaisuwa da godiya. Ban saba rubuta kalma ta biyun ba, ki adana takardar.

Bokiti ɗaya, a buɗe, a firizar rumfarsa, kwana uku cif, kamar yadda ya yi. Ruwan famfo mai kyau, kada ki ƙara komai, ba na son a ce an yi coge. Ki ba Marnie ranar Asabar da safe a cikin kula.

Marnie kuma ta tafasa ruwan sama na tanki, ta bari ya huce, ta daskarar a roba mai murfi a firizar kulob, nesa da kifi da nama. Ta tanadi kwalbar hatsin rai sabuwa dal wadda ba a fasa bakinta ba. Lemo ni zan kawo, mun shirya da bishiyar.

Kada a gaya wa kwamiti zan zo. Zan biyo motar wasiƙa, na riga na goge takalmina. Kwat ɗina ta ɗan matse, ban san yadda tufa ke ƙanƙancewa a rataye ba.

Maganar zuciyarsa na ji. Ba zan ɗaga murya ba. Ba na bukata.

Sai mun ji da alheri.

Yayanki,
Alwyn

*

Arewacin Tsibiri, 24 ga Afrilu

Ƙanwata Noelene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin kwana lafiya. Ni na kwana lafiya irin wadda na daɗe ban yi ba. Na san Lindsay ba zai ba ki labari daidai ba, Marnie kuma za ta rage don ta tausaya masa, to ga shi daga bakin mai shi.

Na shiga ƙarfe biyu saura. Zauren yana nan yadda na bar shi, sai dai sun sa talabijin a inda hoton jirgin Baba yake, wannan za mu yi maganarsa wani lokaci. Mutum bakwai a teburi. Bluey Tanner ya fara ganina, jan gashin nan nasa duk ya zube, ya ce, "Kai, fatalwa! Alwyn, ashe ba ka mutu ba?" Na ce, "Ina jiran ka fara, Bluey, in ga ko akwai daɗi." Misis Odgers sakatariya ta cire tabarau ta mayar. Lindsay ya gyara zama.

Marnie ta ce, "Kawu ne zai nuna mana haɗin." Lindsay ya ce, "To a ƙirga kwalaben kafin ya fara." Wasu suka yi dariya. Na bar su suka gama. Na ce, "Gaskiyarka, shugaba. Shi ya sa ba zan taɓa komai ba yau. Kai za ka haɗa da hannunka, ni baki kawai zan sa." Na ja kujera nesa da kanta, na zauna a kan hannayena, kowa yana gani.

Ya so ya ƙi, Bluey ya ce, "Tashi mana, Lindsay, ko tsoron cokali kake?" Ya tashi. Shi ya fasa bakin kwalbar, kowa ya ji ƙarar. Shi ya sa sukari, shi ya ɗiga ruwan ɗaci, ya ɗiga biyar na ce a zubar a sake, uku na ce. Ya murƙushe, ya zuba wiski a tambulan biyu. Ɓawon lemon da ya yanko kamar tafin takalmi, amma na kawar da kai. Marnie ta miƙo masa kwano biyu na ƙanƙara, ya sa ɗaya a nan ɗaya a can, ya juya. Na ce a jira minti uku.

Ya kurɓi na farko. Noelene, na ga fuskarsa ta saki ba da son ransa ba. Ya ce, "Ba laifi." Bluey ya karɓa ya kurɓa ya rufe ido ya ce, "Wayyo, shekara ta tamanin da biyar ta dawo."

Ya kurɓi na biyu. Bai ko haɗiye ba, ya tofar a kan kanta, ya nuna ni da yatsa ya ce, "Ga shi nan! Irin na ranar nan! Ka sake canza wiskin, munafuki!"

Na ce, "Da wane hannun, Lindsay?" Na ɗan ɗaga jikina don su ga inda hannayen suke.

Misis Odgers ta ce, "Lindsay, kai ka buɗe kwalbar." Bluey ya shinshina tambulan ya ce, "Wannan ai tsuntsun maiƙo ne, har da ƙafafunsa." Marnie ta ɗauko kular ta ɗora a teburi ta buɗe, bokitinki na wanki yana ciki da sauran ƙanƙarar. Ta ce, "Baba, daga rumfarka ne. Kwana uku, a buɗe." Yarinyar kirki ce, ba ta ji daɗin yi ba.

Na ce, "Injin ya lalace a shekarar nan, shugaba, ko ba haka ba? Wa ya kawo ƙanƙara?"

Bluey ne ya fara, dariya ta kama shi har sai da aka bubbuga masa baya. Yana cewa, "Mutum tamanin! Ka shayar da mu romon tarkon ƙaguwa, ka kori Alwyn!" Misis Odgers ta taso, mace mai shekara saba'in da wani abu, ta kama hannuna da hannu biyu ta ce mijinta marigayi yana cikin waɗanda suka yi ta yaɗa maganar, tana neman afuwa a madadinsa. Na ce ya wuce. Bai wuce ba tukuna, amma ita ba ruwanta.

Daga nan na cire kwat na shiga bayan kanta. Ƙafafuna sun san wurin. Na haɗa shida da ƙanƙarar ruwan sama, na nuna wa Marnie yadda ake riƙe wuƙa a kan lemo, sau biyu kawai ta gwada ta iya, jininmu ne. Kwamiti ya ɗaga hannu gaba ɗaya: hatsin rai, sukari, ɗigo uku, ni da Marnie a kanta ranar walima.

Lindsay kuwa ya ɗauki hularsa ya fita tun kafin a ɗaga hannu. Na gan shi ta taga ya daɗe a mota bai tayar ba.

To ga inda muke. Mutum bakwai sun sani. Amma gaban mutum tamanin aka kira ni ɓarawo, a tsaye, a zauren nan. Na gaya wa kwamiti zan zo walima in har wanda ya faɗa ya tashi a wurin da ya tsaya ya janye. Ba na son kuka, ba na son runguma. Magana ɗaya. In ba haka ba, Marnie ta iya haɗin yanzu, ba za a rasa abin sha ba, ni kuma ina gida.

Ki gaishe da ƙafarki. Bokitinki yana wajen Marnie, amma da ni ne ke, da na yar.

Yayanki,
Alwyn Strugnell

*

Port Aldous, 28 ga Afrilu

Alwyn,

Gaisuwa. Noelene ta ce haka ake fara wasiƙa.

Ba ka saci komai ba. Ƙanƙarata ce. Na rubuta haka a takarda da manyan baƙaƙe, zan tashi in karanta ranar walima kafin a kawo miya, don kada wani ya ce yana cin abinci bai ji ba. Na aika wa waɗanda suka bar tsibirin ma, su goma sha ɗaya ne da rai.

Likita ya hana ni sha. Ka haɗa min ɗaya duk da haka, bayan na zauna. Kada ka gaya wa ƙanwarka.

Ka zo lafiya.

Surukinka,
Lindsay Corbould